Gen Con, SPX ko Lucca: ina mai tsara wasa zai sami mai zanensa?

Mai tsara wasan kwaikwayo na kan tebur, irin wanda mutum huɗu ko biyar za su zauna kowa ya ɗauki halin wani jarumi, ɗan ludo yana yanke musu hukunci, yakan kammala rubuta dokoki tsaf sannan ya cije a wuri ɗaya: zane. Littafin wasan da ba hoto ko ɗaga shi ba a yi. Masu zana labaran komik da ke cin gashin kansu kuwa hannunsu ya faɗa, kuma haɗuwar ɓangarorin biyu ta taɓa haifar da ɗa mai ido. A 2008 mai tsara wasa Luke Crane da mai zanen komik David Petersen suka mai da komik ɗin Mouse Guard wasa, shekara na zagayowa ya ci kyautar Origins da ake ba fitattun wasannin kan tebur. To idan kuɗin tafiya ɗaya kake da su a shekara, wane taro ya cancanci ka zuba su?

Kowa Gen Con, babban taron wasannin kan tebur, yake fara ambata. Gary Gygax ne ya assasa shi a 1968 a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin, tun 2003 kuma a Indianapolis ta Amurka ake yin sa, kwana huɗu, wajejen farkon Agusta. A 2023 mahalarta sun haura 70,000. Idan wasanka ya fito kana neman masu saye, nan ce kasuwa. Ba lallai ka kama rumfa taka ba, domin akwai masu rarraba wasannin ƙananan mawallafa irin su Indie Press Revolution da ke baje kayan mutane da yawa a rumfa ɗaya. Amma neman mai zane a can wani abu ne daban. Akwai sashen baje zane, sai dai yawancin na wurin sun riga sun saba da manyan kamfanoni, sun san farashinsu, ayyuka sun yi musu layi. Ga otal na tsakiyar gari, wanda samunsa kaɗai gwagwarmaya ce.

Ni dai da za a tambaye ni, ƙananan bukukuwan komik zan nuna wa mai neman abokin aiki. Small Press Expo, wato SPX, tun 1994 ake yin sa a yankin Bethesda na jihar Maryland, kwana biyu a watan Satumba, zaure ɗaya a cikin otal. Wanda ke zaune bayan tebur shi ya rubuta, shi ya zana, sau da yawa shi ya ɗinke littafin da hannunsa. Ba wakili, ba sakatare. Ka ɗauki littafin, ka duba, ka ɗaga kai ga mai shi. A nan ake ba da kyautar Ignatz, wadda bulo ne na gaske ake miƙa wa gwani, abin da ya ishe ka gane cewa mutanen wurin ba sa ɗaukar kansu da zafi. Bikin TCAF na Toronto a Kanada, wanda aka fara a 2003, ya fi shi da abu guda: shiga kyauta ne. Masu baje kolin kuma tantance su ake yi, don haka an riga an rage maka aikin tsince ƙwaya daga ƙaiƙayi.

A Ingila lissafin ya fi daɗi. Bikin komik na Thought Bubble, da aka fara a Leeds a 2007 aka mayar Harrogate a 2019, a Nuwamba yake, Dragonmeet na Landan kuma, taron yini ɗaya na masu wasannin kan tebur, makonni kaɗan ne a bayansa. Ka sami mai zane a na farko, ka gayyace shi na biyu ya ga yadda ake buga wasan da idonsa. UK Games Expo na Birmingham ya fi su girma, amma wasannin allo da na kati sun fi yawa a can.

Lucca ta Italiya ita ce ta haɗa komik da wasanni a suna da aiki. Ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba tsohon birnin mai ganuwa yakan cika da tantuna, a 2022 an sayar da tikiti sama da 300,000. A takarda kamar an yi shi don kai ne. A ƙasa kuwa, tantin komik yana wani gefe na wasanni yana wani, cunkoso a tsakani, hira mai tsawo sai an yi sa'a.

Sai tambayar da ta fi cin kuɗi: tebur za ka kama ko tikitin shiga kawai? Tebur ɗaure mutum yake yi. Ka biya, ka yi jigilar kaya, sannan ka wuni a kujera alhali waɗanda ka zo nema su ma suna ɗaure a nasu. A SPX ma wani kaso na teburan ƙuri'a ake jefawa, niyya kaɗai ba ta isa ba. In har sai ka baje, nemi rabin tebur ku raba da wani, ɗaya ya tsare ɗaya ya zaga. Zuwan farko dai tikiti ya wadatar, rarar kuɗin ka sayi littattafan mutanen da kake son yin aiki da su. Babu gaisuwar da ta kai wannan.

Ka tafi da ɗan littafin wasanka mai shafi 8 ko 12, wanda za a iya bugawa cikin rabin awa, da adireshinka a bango. Kada ka tare tebur ranar Asabar da rana lokacin da ciniki ya kankama, kana ba da labarin duniyar da ka ƙirƙira masu saye na tsaye a bayanka. Safiyar Lahadi ta fi.

Wajen zaɓe, ka lura da abin da komik ke koya wa hannu. Mai zanen komik gwani ne a motsi da fuska da jeranta al'amura, kuma shafi biyu na komik da ke nuna yadda ake buga zagaye ɗaya sun fi dogon bayanin dokoki amfani. Amma littafin wasa yana buƙatar taswira, bango, da ƙananan hotunan makamai da dodanni masu tsayuwa su kaɗai. Ba kowa ke jin daɗin wannan ba, don haka ka tambaya tun da wuri.

Maganar kuɗi kuma a nan ake yawan ɓatawa. Masu komik masu zaman kansu sun saba su ke da haƙƙin mallakar abin da suka zana, kamfanonin wasanni kuwa sun saba saye gaba ɗaya. Tsaka-tsakin da ya fi sauƙi shi ne ka biya izinin amfani da zanen a littafin da tallarsa, mai zanen kuma ya ci gaba da sayar da kwafin hotunan a teburinsa. Idan da Kickstarter, dandalin intanet na tara kuɗin aiki daga jama'a, ka dogara, faɗa masa kai tsaye, ka biya hoton bango da biyu ko uku na talla daga aljihunka kafin a fara tara kuɗin. Yawan hotuna, girmansu, gyara sau nawa, ranar miƙawa da ranar biya, duk a rubuta su a saƙon da za ka aika mako ɗaya bayan taron, lokacin da ya huce gajiyar hanya.