DX, Star ko Champion: wace roba ce ta dace da faifan nisa?

Duk wanda ya shiga wasan golf na faifai, wanda ake wurga faifan roba zuwa kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi, abin da yake fara haddacewa shi ne lambobi huɗun nan da ake bugawa a fuskar faifai: gudu, shawagi, karkata da dawowa. Kamfanin Innova na Kalifoniya ne ya yaɗa wannan tsari. Faifansu mai suna Destroyer, alal misali, lambobinsa 12, 5, -1, 3. In ka yi jifan bayan hannu da hannun dama, lamba ta uku tana nuna yadda faifan zai karkata dama yana kan ganiyar gudu, ta huɗu kuma yadda zai lanƙwaso hagu in ƙarfinsa ya ƙare. Faifan da ba ya yarda ya karkata, kullum sai hagu, mu kira shi mai taurin kai. Wanda ke saurin juyawa dama kuwa mai sauƙin kai.

To, ga inda masu saye suke shan mamaki. Lambobin nan na mazubi ne, wato sifar faifan, ba na roba ba, kuma Innova tana zuba faifai ɗaya da robobi iri-iri, kamar DX, Star, GStar da Champion. Ka ɗauki Destroyer biyu, suna ɗaya, lambobi ɗaya, nauyi ɗaya, ɗaya Champion ɗaya GStar, ka wurga su a fili, sai ka rantse ba uwarsu ɗaya ba.

Dalilin yana masana'anta. Narkakkiyar roba ake tunkuɗawa cikin mazubi mai ɓari biyu, kuma kowace irin roba da yadda take tsukewa in ta huce. Wata ta bar bakin faifan a ɗage, wata ta sa shi ya ɗan sunkuya, wata kuma ta yi tozo a tsakiya. A gefen kowane faifai akwai siririn layi inda ɓarin mazubin biyu suka haɗu. In layin nan yana sama, faifan ya fi taurin kai. In ya yi ƙasa, ya fi saurin juyawa. Bambancin ba ya kai kaurin farce wani lokaci, amma iska tana jin sa.

DX ita ce mafi arha, kuɗinta bai cika wuce rabi da ɗoriya na masu tsada ba. Tana da daɗin riƙo, ko da ruwa ya taɓa ta ba ta zamewa daga yatsu. Sabuwa fil tana tashi kusan yadda lambobinta suka ce. Aibinta ba ta jimiri. Faifai ya bugi bishiya sau uku ko huɗu da ƙarfi, bakin ya lotsa, ya yi zazzago, shi ke nan halinsa ya canza, ya koma mai juyawa. Ga faifan jefawa kwando daga kusa wannan ba komai ba ne, tsofaffin 'yan wasa ma da gangan suke tara Roc, faifan matsakaicin zango, na DX iri-iri, daga sabo zuwa wanda ya sha duka, kowanne da aikinsa. Amma faifan nisa mai faɗin baki da kaifi irin Destroyer ko Wraith, ni dai ba na ba da shawarar a saye shi a DX. Kafin hannunka ya saba da shi ya zama wani faifan daban. Arha ba ta ado, in ji masu magana.

Champion ita ce mai sheƙi da ake hangen haske ta cikinta. Galibi ita ta fi taurin kai a cikin robobin yau da kullum, kuma tana daɗewa a hakan. Sai ta yi shekara tana cin karo da itatuwa kafin ta ɗan sassauta. Shi ya sa mai neman faifan da zai tsaga iskar da ke kaɗowa ta gaba, irin Firebird mai 9, 3, 0, 4, yake neman sa a Champion. Iskar gaba tana sa kowane faifai ya ƙara juyawa, don haka ana son wanda ba ya jin lallashi. Sai dai tana da santsi in hannu ya yi gumi ko ana yayyafi. Kuma sabon shiga da ya sayi faifai mai gudun 12 a Champion ya sayi wahala da kuɗinsa: hannunsa bai kai ya ba shi gudun da yake buƙata ba, yana sakinsa zai ga ya nufi hagu ya faɗi.

Star tana tsakiya, kuma in faifai ɗaya kawai aljihunka zai iya, ita zan nuna maka. Ba a gani ta cikinta, ta fi Champion riƙo, ƙarkonta bai yi nisa da nata ba. Tana farawa da ɗan taurin kai, sannan a hankali ta sauko ta zauna a wani hali mai daɗi ta daɗe a wurin. GStar ƙanwarta ce mai laushi, tana lanƙwasuwa a hannu, ta fi saurin juyawa tun tana sabuwa, kuma ba ta sandarewa a sanyi, abin da ke da muhimmanci a wurare irin Finland inda wasan ya karɓu ƙwarai. Halo Star mai baki launi daban da masu haske cikin duhu kuwa, an fi saninsu da fitowa da ƙarin taurin kai.

Sauran kamfanoni sunaye ne kawai suka bambanta. Z ta Discraft, Opto ta Latitude 64 na Suwidin da Lucid ta Dynamic Discs dangin Champion ne. ESP, Gold da Fuzion dangin Star. Pro D, Retro da Prime kuma ajin DX.

Kada roba ta mantar da kai nauyi. Dokar PDGA, hukumar da ke kula da wasan, ba ta yarda faifai ya wuce giram 8.3 a kowace santimita ta faɗinsa ba, shi ya sa yawancin faifan nisa suke tsayawa a wajen giram 175. Mara nauyi ya fi sauƙin kaiwa gudu, don haka ya fi juyawa. Blizzard ma Champion ce da aka cusa wa ƙananan kumfar iska don a rage mata nauyi. Jifan mita 338 da David Wiggins Jr. ya yi a Nevada a 2016 ya kafa tarihi, da faifan Boss mara nauyi na roba mai laushi R-Pro ya yi shi, iska mai ƙarfi tana taimaka masa. Ga mai koyo, Leopard mai 6, 5, -2, 1 a Star ko GStar, wajen giram 165, zai kai shi nesa fiye da duk wani faifai mai gudun 12.

In a kanti kake saye, ɗauko biyu ko uku masu suna ɗaya, domin ko roba ɗaya ce, zubin bana yakan bambanta da na bara. Ɗora su a kan tebur mai shafe, baki da baki, ka sunkuya ka duba layin haɗin. Wanda layinsa ya fi ɗagawa shi ne na ranar iska, na ƙasan kuma shi zai ba ka nisa cikin sauƙi. In ka saya, kada ka bar shi a mota cikin rana, zafi yana karkatar da roba, musamman masu laushin.