Sharhi kan tafiyar hawan Chappal Waddi da wani kamfani na Kaduna ya shirya mana

Na biya kuɗin wannan tafiya cif tun watan Disamba, a hannun ɗaya daga cikin kamfanonin nan da ke shirya yawon buɗe ido daga Kaduna, bisa takardar da suka turo mini ta WhatsApp wadda ta ce kuɗin ya haɗa da mota, da masauki, da izinin shiga gandun daji, da 'yan dako, da tantuna, da bargon sanyi mai zif ga kowane matafiyi. Duk mai bibiyar irin waɗannan tafiye-tafiye ya san abin da ake karɓa, kuma ya san ba ƙaramin kuɗi ba ne ga ma'aikacin gwamnati. Na daɗe da burin tsayawa a kan Chappal Waddi, domin shi ne wuri mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419, a cikin gandun dajin Gashaka Gumti da ke Jihar Taraba, dab da iyakar Kamaru. Na hau Kufena a Zariya, na hau duwatsun Kagoro, amma na san wannan wani abu ne daban, shi ya sa ban yarda in tafi da ka ba, na nemi waɗanda suka ce sana'arsu ke nan.

Hanya ba ni da ƙorafi a kanta. Motar lafiyayya ce, direban mai natsuwa ne, ya bi da mu ta Jalingo da Bali har Serti, inda hedikwatar gandun take, sannan muka hau gangaren nan mai lanƙwasa daga Mayo Selbe zuwa tsaunin Mambila. A Nguroje ne abubuwa suka fara sauyawa. Wakilin kamfanin, wanda ya kamata ya raka mu har ƙololuwa, ya wayi gari ya ce ƙafarsa na ciwo, zai jira mu a masauki, ya haɗa mu da 'yan acaɓa da za su kai mu Njawai, ya kuma tabbatar mana cewa kayan kwana sun riga sun yi gaba tare da 'yan dako. Mu tara ne, har da mata biyu, kuma babu wanda ya ga dalilin ƙaryata shi.

Daga Njawai ƙafa ce kawai. Ma'aikacin gandun da aka haɗa mu da shi mutum ne mai ƙarancin magana, sanye da kaki da takalmin roba, yana jin Hausa da Fulatanci, kuma ya san kowane rafi da sunansa. Tafiyar ta fi wahala fiye da yadda tallar ta nuna, domin ba hawa ɗaya ba ne: a hau tudu mai ciyawa, a gangara cikin kwari mai duhun itatuwa inda ƙasa ke da santsi ko da rani, a tsallake ruwa mai sanyin da ke sa ƙashi zogi, sannan a sake hawa. A cikin ɗaya daga cikin kwarurukan ya ɗaga hannu ya tsayar da mu, ya nuna mana birai masu baƙin jiki da farin gashi mai tsawo a gefe, suna tsalle a saman rassa. Shi ne ya gaya mana cewa an mayar da wurin gandun daji na ƙasa a 1991, cewa ya fi kowane gandu girma a Najeriya, kuma ya ratsa har cikin Jihar Adamawa.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi shi ne daren da muka kwana a ƙasan ƙololuwa. Da muka isa zangon bayan la'asar sakaliya, 'yan dako suka kwance kaya, sai ga tantuna biyu kacal, ɗaya ma zif ɗinsa ya lalace, kuma babu bargo ko ɗaya. Babban 'yan dakon ya rantse cewa abin da aka ba su ke nan a Nguroje, kuma na yarda da shi, domin su ma da tsofaffin rigunan sanyi suka zo. Babu sabis ɗin waya da za a kira kowa. Wanda bai taɓa kwana a irin wannan tsayi ba zai ɗauka sanyin Jos ne ko na hunturun Kaduna, alhali Kaduna ba ta wuce mita 600 da 'yan kai ba, kuma iska tana ƙara sanyi da kimanin digiri 6 a duk mita 1,000 da aka hau. Rana na faɗuwa iska ta taso, raɓa ta jiƙa ciyawa da takalmanmu, muka yi alwalar magariba da ruwan da ya sa yatsu suka ƙi lanƙwasuwa. Muka bar wa matan tanti mai kyau, sauran muka cusa dattijon cikinmu da wasu biyu a ɗayan. Kafin isha'i wani matashi ɗan Tudun Wada, wanda ya zo da 'yar rigar sanyi marar kauri saboda ya dogara da alkawarin bargo, ya fara karkarwa har haƙoransa na haɗuwa, maganarsa ta fara sarƙewa.

Ma'aikacin gandun ya dube shi da tocila, ya juyo gare ni ya ce, "Malam, yaron nan ba zai kai asuba a nan ba. Akwai ruga a bayan tudun can, ku tashi mu je." Muka riƙe matashin ta kafaɗu biyu muka bi shi cikin duhu. Mai rugar dattijo ne, ya fito da sanda da fitila, suka yi magana da Fulatanci, bai tambaye mu ko su wane ne mu ba, ya sa aka fitar da yaransa daga bukka ɗaya aka ba mu. Matarsa ta hura wuta a tsakiyar bukkar, ta dafa madarar da aka tatso da yamma a wata baƙar tukunya, ta zuba a ƙwarya, aka riƙa ba matashin da ludayi kaɗan-kaɗan, aka cire masa jiƙaƙƙun safa, aka lulluɓe shi da barguna masu warin hayaƙi da man shanu. A hankali karkarwar ta lafa, ya yi barci. Da safe na ce, "Baba, ga ɗan abin goro," ya ture hannuna ya ce baƙo ba ya sayen wuta, sai da ma'aikacin ya sa baki kafin ya karɓi sukari da ganyen shayin da muka rage. A daren nan na yanke cewa ba zan sake ba kowa shawarar wannan tafiya ba.

Amma da muka kai ƙololuwa da hantsi, zuciyata ta sauko, kuma gaskiya ta wajaba a faɗe ta. Saman dutsen fili ne mai gajeriyar ciyawa, iska na kaɗawa ba tsayawa, ga kwaruruka cike da daji a ƙasa, ga jerin tsaunuka suna bin juna har cikin Kamaru ba tare da wata alama da ido zai ce nan ƙasa ta ƙare ba. Ma'aikacin ya tuna mana cewa wannan yanki duka ya taɓa zama ƙarƙashin Jamus, sannan Ingila, kuma sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ya zama Najeriya, aka sa wa lardin sunan Sardauna, sunan da ƙaramar hukumar da ke Gembu take ɗauke da shi har yau. Ni da na tashi ina wucewa ta gaban gidan Sardauna a Kaduna, wannan bayani ya taɓa ni ƙwarai. Matashin da ya kusa halaka da daddare shi ne ya fi kowa murna. Na ce a raina kuɗina bai tafi a banza ba, ko da yake hazon Janairu ya rufe nesa, kuma kamfanin da ke nuna hotuna masu haske garau a tallarsa bai taɓa gaya mana cewa a tsakiyar hunturu haka sararin yake kasancewa ba.

Wannan sassaucin bai wuce Nguroje ba. Mun tarar da wakilin yana yawo da ƙafarsa lafiya lau, kuma da muka tambaye shi barguna sai ya ce an manta su a ofis a Kaduna, yana faɗa kamar wanda ya manta da hula. Ashe tun kafin mu bar gari ya san babu su, ya bar mu muka hau. A nan kuma muka ji cewa ba a cika wa 'yan dako kuɗinsu ba, mutanen da suka ɗauki ruwa da abincinmu a ka suka hau inda mu da hannu wofi muke haki, dole muka yi karo-karo muka cika musu. Da na je ofishinsu bayan mun dawo, mai kamfanin ya karɓe ni da fara'a, ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, za mu duba," ya yi alkawarin mayar da kuɗin kayan kwana. Har yau ban ga ko kwabo ba, kuma sun daina amsa saƙona, alhali sun ci gaba da tallar tafiya ta gaba da hoton da ɗaya daga cikinmu ya ɗauka a ƙololuwa.

Wanda ke son hawan Chappal Waddi ya je, amma ya nemi izini da jagora kai tsaye daga ofishin gandun a Serti, ya yi ciniki da 'yan dako da bakinsa, ya sayi bargonsa da rigar sanyi mai kauri tun daga Kasuwar Barci. Idan kuma ya ga dole sai ta hannun kamfani, kada ya hau babur a Nguroje sai an kwance kayan kwana a gabansa ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya.