Teleskof ko madubi mai ido biyu: amsa ga mai son saya wa ɗansa abin kallon taurari

Assalamu alaikum Malam. Na ga tambayarka a kan ko teleskof za ka saya wa yaronka ko madubin hangen nesa mai ido biyu, tunda hotunan sararin samaniya da yake gani a waya sun hana ka sakat a gida. Duka biyun akwai su a ɗakina: ɗaya yana rataye a ƙusa kusa da ƙofa, ɗayan kuma yana saman durowa a cikin kwalinsa, ƙura ta lulluɓe shi. Ina jin wannan kaɗai ya nuna maka inda na dosa. Ka saya masa mai ido biyu, wanda aka rubuta 10x50 a jikinsa.

Lambar farko tana nufin yana kusanto da abu sau 10, ta biyu kuma faɗin gilashinsa na gaba ne, milimita 50, kuma wannan ta biyun ita ce mai muhimmanci ga mai kallon dare. Taurari ba ƙanƙanta ce ke ɓoye su ba, ƙarancin haske ne. Ƙofar ƙwayar idon mutum, ko a cikin duhu sosai, ba ta cika wuce milimita 7 ba, saboda haka gilashi mai milimita 50 yana tara haske kusan ninki 50 na abin da ido zai tara shi kaɗai. Ga shi kuma filin da yake nunawa yana da faɗi, har za a iya jera wata goma sha biyu a cikinsa gefe da gefe, don haka yaro ba zai sha wahalar neman abin da yake so ya gani ba: inda ya kai idonsa, nan madubin zai kai shi.

Nawa na hannu ne, wani maƙwabcinmu da ya yi ritaya ya sayar mini da shi, jakarsa ma ta tsage. Ban san darajarsa sosai ba sai a tsakiyar Oktoban 2024, lokacin da tauraruwa mai wutsiyar nan da ake kira Tsuchinshan-ATLAS ta bayyana a yamma bayan faɗuwar rana. Masu bincike a ƙasar Sin da wata na'ura da ke Afirka ta Kudu ne suka gano ta a 2023, shi ya sa aka haɗa mata suna biyu. Ina ƙauyenmu a lokacin, damina ta ɗauke, hazon hunturu bai iso ba, wutar lantarki kuwa daman babu, don haka sama ta yi fes. Muna idar da Magariba muka fita bayan gari inda aka jingine karan gero. Da ido kawai, sai mutum ya natsu zai ga wani ɗan farin zane a hannun dama da Zara, sama kaɗan. Da na ɗora madubin kuwa, sai ga kanta tana haske kamar dunƙulen auduga, wutsiyar ta miƙe sama har ta nemi ta cika filin gaba ɗaya. Yara suka yi layi, kowa ya karɓa ya duba ya miƙa wa na baya, kuma ba wanda na tsaya koya wa komai in ban da murza ɗan maɓallin tsakiya har hoto ya fito sarai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne bayan Isha. Mahaifiyata, wadda tun muna yara take nuna mana Kaza da 'Ya'yanta a gabas tana cewa mai ido mai kyau ne ke ƙirga bakwai, ta ce a ba ta ta ga abin da ya sa jikokinta hayaniya. Na tsaya a bayanta na tallafe mata gwiwar hannu. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Ashe kazar nan ta ƙyanƙyashe da yawa, mu ne ba mu da labari." Taurari ne gomomi, shuɗi-shuɗi, a cunkushe a wurin da ta shekara saba'in tana ganin shida ko bakwai. Da teleskof ɗina na kai mata, da biyu ko uku kawai za ta gani a lokaci guda, siffar kazar ma ta ɓace.

Ba a nan kaɗai amfaninsa ya tsaya ba. Idan aka jingina hannu a kan katanga don kada ya yi rawa, ana ganin watannin Mushtari, wadda labarai ke kira Jupiter, kamar ɗige-ɗige a jere kusa da ita, kuma idan aka sake dubawa washegari za a tarar sun sauya wuri. Waɗannan su ne huɗun da Galileo ya gani daga birnin Padua na Italiya a Janairun 1610, da na'urar da take kusanto da abu kusan sau 20 kawai, wadda gilashinta bai kai na madubin zamanin nan kyau ba. Ana ganin ramukan wata, musamman a daren bakwai ko takwas ga wata, a kan iyakar da haske ya haɗu da duhu inda inuwa take fito da su. A daren sha huɗu kuma ana ganin ramin Tycho, mai faɗin kusan kilomita 85, da fararen layukan da suka bazu daga gare shi. A lokacin kaka da farkon sanyi, a wurin da babu fitilu, ana ganin taron taurarin Andromeda kamar ɗan hayaƙi, wanda haskensa ya yi tafiyar shekara kusan miliyan 2.5 kafin ya iso idon mai kallo. Masu fita duban jinjirin wata ma suna amfani da irinsa don su gane wurin da za su kafa ido, ko da yake sanarwar kamawar wata a Najeriya ta Mai Alfarma Sarkin Musulmi ce, ba ta mai madubi ba.

Shi teleskof kuwa, da-na-sani ce ta haɗa mu. A 2020 na saye shi, da aka yi ta maganar cewa Mushtari da Zuhal, wadda labarai ke kira Saturn, za su kusanci juna a ranar 21 ga Disamba fiye da yadda aka gani cikin ɗaruruwan shekaru. A intanet na gan shi, kwalinsa ɗauke da hotuna masu launi da rubutun cewa yana kusanto da abu sau 675, na tura kuɗin da a lokacin za su saya mini buhun masara har da canji. Kyan ɗan maciji ne. Faɗin gilashinsa milimita 60 ne, kuma ƙa'idar da masu wannan harka suka sani ita ce, kusantarwa mai amfani ba ta wuce ninki biyu na faɗin gilashi, wato sau 120 ke nan a nan. Duk abin da ya haura haka duhu ne da dishi-dishi. Ƙafafunsa uku siraran gwangwani ne, numfashi ma girgiza su yake yi. Ga shi duniya tana juyawa, abin da ke sama yana gusawa faɗin wata guda cikin minti biyu, saboda haka kafin in kira yaro ya zo ya duba, abin da na yi minti ashirin ina nema ya fice daga fili. A daren da kowa yake magana a kai, da ido na kalli haɗuwar.

Don kada in zalunce shi, zoben da ke kewaye da Zuhal sai da teleskof, mai ido biyu ba zai nuna shi ba. Nagari, irin mai madubi a ciki da ake kira Dobson, mai faɗin milimita 150, yana nuna shi sarai, amma yana da tsada da nauyi, kuma ba kayan da za a fara da shi ba ne.

Ka kuma shirya zuciyar yaron tun kafin kaya su iso, domin hotunan da yake gani a waya ba za su fito a kowane madubi na gida ba. Na'urar James Webb, wadda aka harba a ranar 25 ga Disamban 2021, madubinta mita 6.5 ne, tana can nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya, kuma da wani irin haske take aiki wanda idon mutum ba ya gani, daga baya ne masana ke sanya wa hotunan launi. Abin da yaron zai gani fari ne da toka-toka, ƙarami, amma da idonsa ne, kuma a wurina wannan ya fi hoton waya nesa ba kusa ba.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa maka: 'yan damfara sun cika wannan kasuwa, kada ka yi cinikin biri a sama. Kada ka tura wa mai shafi kuɗi kafin kaya su zo hannunka. Ka je shago da rana, da rula a aljihu, ka auna gilashin gaba, domin na sha ganin wanda aka rubuta 60x60 a jikinsa alhali faɗinsa bai kai milimita 40 ba. Ka guji mai jan gilashi wanda ake cewa wai yana gani a duhu, wannan jan fenti rage haske yake yi. Ka guji wanda ake zuƙowa da shi, mai rubutu irin 10-180x100. Ka kalli wayar lantarki ko eriya mai nisa da ido biyu a buɗe: idan ka ga hoto ya rabu biyu, ko ka ji idonka yana ja, madubin ya goce daga ciki, kuma zai sa wa yaro ciwon kai, ka ajiye shi ko nawa aka rage maka. Sannan ka riƙe shi nesa da fuskarka ka fuskanci haske, za ka ga ɗan ɗigon haske a kowane gilashin ido; na mai kyau zagayayye ne, na mai araha yana da kusurwoyi masu duhu. Idan na hannu ne, ka haska cikinsa da fitilar waya ka duba ko akwai wani abu kamar saƙar gizo-gizo, domin danshi ne ya ci gilashin kuma ba ya goguwa.

Sharaɗi guda ne ba na wasa da shi a gidana: ba a fito da madubin sai rana ta faɗi. Kallon rana da shi, ko na daƙiƙa ɗaya, yana ƙona ido ƙonewar da ba ta da magani, kuma baƙin tabarau ko gilashin da aka turara da hayaƙi ba sa kare komai. Na faɗi haka ne domin akwai husufin rana da ke tafe a ranar 2 ga Agustan 2027, wanda zai rufe rana ruf a Luxor ta Masar da Jidda da Makka, mu kuma a nan za mu ga wani sashe ya cinye, kuma ranar yara za su ruga neman madubi. Ka kuma gargaɗe shi kada ya hau soro ya juya shi wajen gidajen maƙwabta, kada kuma ya fita da shi kusa da shingen jami'an tsaro, domin a halin da ake ciki mutum da madubin hangen nesa a bayan gari yana da bayani mai tsawo da zai yi.

Ka sa masa manhajar Stellarium a waya don ya riƙa sanin sunan abin da yake kallo, ku fara da wata a daren bakwai. Idan shekara ta zagayo yana nan yana fita kallo ba tare da an tuna masa ba, sai a fara tara kuɗin Dobson. In kuwa ya nace sai ya taɓa teleskof tun yanzu, nawa yana nan saman durowa, ka aiko a ɗauka, ba sai ka dawo da shi ba.