Asibitin Dabbobin da Ya Gano Ciwon Kyanwata

Na kai kyanwata wannan asibitin dabbobi ne bayan ta fara fitsari a kan shimfiɗa, abin da na ɗauka taurin kai ne kawai. Likitan bai yi gaggawar rubuta magani ba, sai da ya auna fitsarinta ya gano kumburin mafitsara, sannan ya fahimtar da ni cewa sauyin halin kyanwa sau da yawa alamar ciwo ne. Ya kuma ja kunnena ƙwarai kada in taɓa ba ta farasitamol, domin ƙwaya 1 tak tana iya halaka ta. Jiran ya yi tsawo, kusan awa 2, amma can zan mayar da ita don allurar rigakafin ciwon haukan kare.