Katin Flying Blue a hannun mai fataucin fata daga Kano

Sana'ata fata ce. Daga majemun Sharaɗa da Challawa muke haɗa kaya, masu sayenmu kuma yawancinsu suna Italiya da Sifaniya, don haka tafiya Turai ta zame mini dole, musamman lokacin baje kolin fata na Lineapelle da ake yi a Milan sau biyu a shekara. Na daɗe ina riƙe da katin tara maki na Flying Blue, wanda Air France da KLM suka haɗu a kansa, kuma 'yan'uwa 'yan kasuwa sukan tambaye ni ko ya cancanci mutum ya ɗaure kansa da shi. Amsata ita ce katin yana da amfani, amma amfaninsa ya fi yawa ga mutumin Legas da Abuja fiye da mutumin Kano, kuma dalilin haka yana cikin haɗewar kamfanonin biyu.

A watan Mayun 2004 ne Air France na Faransa da KLM na Holan suka zama gida ɗaya. Ba a shafe sunan kowa ba. Jirgin KLM yana nan da shuɗin fentinsa yana tashi daga Amsterdam, na Air France yana tashi daga Paris, amma uwar kamfani ɗaya ce ke riƙe da su, aljihu ɗaya riba ke shiga. Kafin Hukumar Tarayyar Turai ta amince sai da ta sa suka saki damar sauka da tashi 94 a kowace rana, domin wasu kamfanoni su samu shiga hanyoyin da su biyun suka mamaye, irin ta Paris zuwa Amsterdam. Wato tun daga farko hukuma ta san cewa idan masu gasa biyu suka koma ɗaya, fasinja ne zai ji a jikinsa. Sai dai kariyar da ta yi, ta fi shafar hanyoyin da Turawa ke bi. Mu da muke wannan ɓangaren na taswira ba mu ne a gaban masu wannan lissafi ba.

Bari in fara da abin da na ji daɗinsa, don yana da yawa. A da KLM na da nasa tsarin maki mai suna Flying Dutchman, Air France na da Fréquence Plus. A 2005 aka narkar da su suka zama Flying Blue. Ga wanda ke yawo tsakanin garuruwan Turai wannan sauƙi ne babba. Kana iya tafiya ta Paris ka dawo ta Amsterdam a kan tikiti ɗaya, makinka na taruwa wuri ɗaya, kayanka kuma a ɗaura musu takarda tun daga Najeriya har inda za ka sauka. Shigar KLM ƙawancen kamfanonin jiragen sama na SkyTeam a 2004 ta ƙara faɗaɗa abin, domin katin yana aiki a jiragen Delta da Saudia da sauran 'yan ƙawancen. Wanda ke zuwa Umara da Saudia yana iya sa lambar katinsa a tikitin, kuma mutanenmu da yawa ba su san da haka ba, makin yana wucewa a banza.

Akwai ranar da yanayi ya hana jirginmu tashi daga Milan a kan lokaci, har ya tabbata ba zan riski na Paris ba. Matar da ke kantar kamfanin jirgin ta karɓi fasfona, ta duba kwamfuta, ta ce akwai kujera ta Amsterdam zuwa Legas washegari, ko in jira na Abuja. Ba ta nemi ƙarin ko kwabo ba, ta yage tsohuwar takardar kaya ta manna sabuwa a bayan katin shiga jirgi. Da kamfanoni biyu ne masu gaba da juna, da wannan sauyi bai zo da sauƙi haka ba. Wannan ita ce fa'idar haɗewa da fasinja ke gani da idonsa, kuma ba na raina ta.

Tsakanin filayen biyu kuwa, ni Schiphol na Amsterdam ya fi kwanta mini. Komai a ƙarƙashin rufi ɗaya yake, allunan rawaya suna nuna maka hanya, akwai ɗakin ibada da mutum zai yi sallarsa a natse. Filin Charles de Gaulle na Paris ya fi faɗi da rassa. Wanda ya sauka daga Abuja zai nufi Milan sai ya bi layin duba fasfo sannan ya sauya ɓangare, don haka ina ba kowa shawara kada ya yarda ejan ya yanka masa tikiti mai gajeren zango a can. Abinci kuma a nemi na Musulmi tun lokacin sayen tikiti, ba sai an zauna a kujera ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Kano ba baƙuwar KLM ba ce. Tun shekarun 1940 jiragensa ke yada zango a nan a hanyarsu ta zuwa Johannesburg, lokacin da jirgi ba ya iya ratsa nahiyar ba tare da ya sha mai ba. Iyayenmu a wannan sana'a sun san shi kamar yadda suka san jirgin ƙasa. Maigidana da ya koya mini fatauci yakan ce, "Yaro, a zamaninmu sai ka yi sallar isha'i a gidanka, ka wayi gari a Turai." Haka abin yake har zuwa 2012, shekarar da KLM ya daina zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano. Yau a Najeriya KLM Legas yake sauka, Abuja kuma Air France ke zuwa daga Paris.

Kowa ya san halin da Kano ta shiga a farkon 2012 ta fuskar tsaro, kuma ba zan ɗora komai a kan haɗewar 2004 ba. Amma akwai abin da haɗewa ke sauyawa a tunanin masu tsara hanyoyi, kuma shi ne abin da nake so masu karatu su gane. Kamfani mai zaman kansa idan ya bar gari, ya san ya miƙa fasinjojinsa ga abokin hamayya. Kamfanin da ke da ɗan'uwa a gari na kusa ba ya wannan fargaba, domin yana sa ran fasinjan zai bi hanya ya je ya hau jirgin ɗan'uwan, kuɗin ya dawo aljihu ɗaya. A takarda arewacin Najeriya yana nan cikin taswirarsu ta Abuja. A ƙasa kuwa, mutumin Kano da na Katsina da na Zinder da Maraɗi, waɗanda Kano ce ƙofarsu, an ƙara musu tafiyar yini guda.

Wannan yinin shi ne ainihin farashin, kuma ba ya fitowa a kan tikiti. Sai ka sayi wani tikitin na jirgin cikin gida daban, wanda ba shi da alaƙa da na Turai. Awon kayansa daban ne, kilo da aka yarda maka a babban jirgi ba shi aka yarda maka a ƙarami ba, mu kuwa masu ɗaukar samfurin fata jakunkunanmu ba sa sauƙi. Na tsaya a gaban sikeli ina cire ɗaurin samfur daga wannan jaka ina cusawa a waccan, ma'aikaci na lissafa mini kuɗin abin da ya haura. Sannan akwai fargabar jinkiri. Wani kamfanin cikin gida ya taɓa ɗaga tashinmu daga safe zuwa yamma, daga yamma zuwa dare, kuma da babban jirgin ya tafi ya bar ni, babu wanda zai ɗauki alhaki, tunda tikitin biyu ba su san da juna ba. Shi ya sa da yawanmu muke tafiya tun ana gobe mu kwana a otal. Idan ka haɗa kuɗin ƙaramin jirgi da otal da tasi da na kayan da suka haura awo, rangwamen da kati ke ba ka ya riga ya narke.

Shi kansa lissafin makin ya sauya a watan Afrilun 2018, kuma duk mai son shiga ya kamata ya fahimce shi. A da nisan tafiya ake dubawa. Yanzu a jiragen Air France da KLM kuɗin da ka kashe ake dubawa: sabon shiga yana samun maki 4 a kan kowane yuro, mai matakin Silver 6, Gold 7, Platinum 8, kuma ba a lissafa harajin gwamnati a ciki. Hawa mataki kuma da wani ma'auni ne daban da suke kira XP. Ana buƙatar 100 a cikin wata 12 kafin a kai Silver, sannan wasu 180 kafin Gold, wasu 300 kafin Platinum. A ƙaramar kujera, wato ajin "economy", Abuja zuwa Paris XP 8 ne, Paris zuwa Milan 5, wato zuwa da dawowa 26. Ɗan kasuwar da ke halartar baje kolin Milan sau biyu a shekara zai tashi da 52, rabin hanyar matakin farko ke nan. Wanda kamfaninsa ke saya masa babbar kujera, wato ajin "business", yana samun ninki uku a tafiya ɗaya. Tsarin ya fito fili ya nuna wanda yake so, kuma ba mai ƙaramin jari ba ne.

Ga wanda ya kai, ribar gaskiya ce. Silver na ba ka ƙarin jaka, wanda a wurina ya fi komai daraja. Gold na buɗe maka ɗakin hutu da layin gaba. Tikitin da ake saya da maki kuwa a sani ba kyauta ba ne gaba ɗaya, akwai haraji da caji da za ka biya da kuɗi, kuma yawan makin da ake nema yana hawa yana sauka gwargwadon cunkoso. A lokacin hutun ƙarshen shekara sai ka ga abin ya yi tsalle. Akwai rangwamen da suke fitarwa wata-wata a wasu hanyoyi, wanda ya dace da shi ya more. Kuma sabon shiga ya kula, makinsa na iya ƙonewa idan ya shekara biyu bai motsa asusun ba.

Batun farashin tikiti, ban yarda da masu cewa haɗewa ce kaɗai ta tsadantar da tafiya daga Najeriya ba. Mun ga abin da ya faru lokacin da kuɗaɗen kamfanonin waje suka maƙale saboda ƙarancin dala, har ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce sun haura dala miliyan 800 a 2023. Kamfanoni suka rufe tikiti masu rahusa, Emirates ya dakatar da zuwa a 2022 bai dawo ba sai Oktoban 2024. Wannan ya fi kowace haɗewa ƙona aljihu. Amma mun kuma ga ɗaya gefen: da Air Peace ya fara Legas zuwa Landan a ƙarshen Maris 2024, farashin hanyar ya sauko. Mai sayarwa ɗaya da ya ƙaru a kasuwa ya isa ya motsa farashi, haka kuma ɗaya da ya ragu. Idan na duba tikitin Milan a shafin KLM da na Air France, hanyoyi iri ɗaya nake gani da farashi mai kama da juna. Suna biyu ne, amma ba ciniki biyu ba ne, kuma ejan da ya ce maka ya gwada kamfanoni biyu da ya duba waɗannan, ɗaya ya gwada.

Abin da ya ƙara sa na sassauta riƙon da na yi wa katin shi ne ganin yadda ƙawancen ke sauyawa ba tare da an tambayi fasinja ba. Alitalia, kamfanin jirgin Italiya, yana cikin SkyTeam har ya rufe a Oktoban 2021, ITA Airways ya gaje shi ya shiga ƙawancen. A Janairun 2025 Lufthansa na Jamus ya sayi kashi 41 cikin ɗari na ITA, shi ke nan ITA ya fice daga SkyTeam. Ga mai zirga-zirga tsakanin Milan da Rum da Napoli irina, katin ya rasa babban abokin aikinsa a cikin Italiya. A ɗaya hannun, Air France-KLM ya sayi kashi 19.9 na SAS, kamfanin jirgin ƙasashen Denmak da Suwidin da Norwe, wanda ya baro ƙawancen Star Alliance ya shigo SkyTeam a Satumban 2024. Mai harka da Denmak da Suwidin ya samu, mai harka da Italiya ya rasa. Ko gwamnatin Holan ba ta saki jiki ba: a 2019 ta sayi kusan kashi 14 na hannun jarin uwar kamfanin don ta kare matsayin Schiphol. Ƙasa guda ta ga sai ta sa kuɗinta kafin ta tabbatar ba a mayar da filinta baya ba, ina ga garin da ba shi da kujera a teburin.

To wa zan ce ya buɗe katin? Kowa, tunda rajista kyauta ce kuma ba a asarar komai. Wa zan ce ya ɗaure duk tafiyarsa a kansa? Mazaunin Abuja ko Legas da ke zuwa Turai ko Amurka aƙalla sau huɗu a shekara, ko wanda ake saya masa babbar kujera. Mutumin Kano kuwa ya fara duba jiragen da ke sauka a ƙofar gidansa, Ethiopian ta Addis Ababa, EgyptAir ta Alƙahira, Qatar Airways ta Doha da ya fara zuwa a 2022. Hanyar ta fi tsawo a sama, wani lokaci zangon ma ya fi daɗewa, amma tikiti ɗaya ne, awo ɗaya ne, kuma idan aka yi jinkiri akwai wanda alhakin kai ka ke wuyansa. Ni yanzu haka nake yi: idan harka ta riga ta kai ni Abuja, sai in bi ta Paris in sa lambar katina, idan kuwa daga gida zan tashi da jakunkunan samfur, jirgin da ya zo Kano shi nake hawa.