Hawan lema a Kwahu: matuƙin ya san aikinsa

Tun 2005 aka fara tashi sama da lema, wato laimar shawagi a iska, lokacin Ista daga dutsen Odweanoma a Atibie, yankin Kwahu na ƙasar Ghana, a sauka a filin ƙwallon Nkawkaw. Bana ni da ƙanena muka taso daga Aboabo, na biya, aka ɗaure ni a gaban matuƙi.

Ga inda mutumin ya burge ni. Da muka yi sama na roƙe shi ya bar ni in riƙe igiyoyin birki. Ya yarda, amma hannunsa bai bar kan nawa ba. "Ɗan'uwa, kada ka ja duka biyun har ƙasa," in ji shi. In aka ja su fiye da kima, gudun lemar ya ragu, iska ta daina ɗaukarta, sai ta lanƙwashe ta yi baya. In kusa da ƙasa ne kuwa, babu sararin gyarawa. Nan masu koyo kan gamu da hatsari: ɗalibi ya firgita ya ja, malami kuma hankalinsa na wani wuri.

Jira ne kawai ya gajiyar da ni, tun safe muna cikin rana sai da iska ta daidaita. Ku riƙe ruwa, ku sa kambas, silifa ba ta dace da gudun da ake yi kafin a tashi ba.