Cas9, Cas12a ko tsohuwar hanya: wanne ya dace wajen gyara ƙwayoyin gadon sayanobakteriyarka?

Kafin ka yi odar filasmid, wato ɗan zoben DNA da ke ɗauke da gyaranka, duba irin sayanobakteriya (bakteriya masu sarrafa hasken rana) da ke cikin kwalbarka. Synechocystis PCC 6803 da Synechococcus elongatus PCC 7942 da kansu suke haɗiye DNA. UTEX 2973 kuwa, duk saurin girmansa, sai ka cakuɗa shi da bakteriyar E. coli ta miƙa masa DNA ɗin, haka ma Anabaena PCC 7120.

Abin da ke cinye lokaci shi ne waɗannan halittu kwafin kuromosom da yawa suke riƙewa a ƙwaya guda. A tsohuwar hanya, kana cusa gyaranka tare da alamar jure antibayotik, sai ka yi ta sauya faranti kana ƙara magani, mako bayan mako, har kwafin asali ya ƙare. Ka ga faranti kore shar ka ɗauka an gama, gwajin DNA na PCR ya nuna maka layi biyu, wato kwafin asali yana nan tare da gyararren! Hanyar ba ta da tsada, tana kuma aiki, amma kowane gyara yana cinye alama ɗaya, alamun kuma ba su da yawa.

A nan almakashin CRISPR, wato furotin mai yanka DNA kamar Cas9 ko Cas12a, ya yi rana: yana datse kwafin da bai gyaru ba, saboda haka ana saurin samun tsantsa, ba a kuma barin alama. Sai dai kada sunan Cas9 ya ruɗe ka. A 2016 an nuna cewa guba ne ga UTEX 2973 idan ya yi yawa, dole a taƙaita shi. A wannan shekarar ce Ungerer da Pakrasi suka gwada Cas12a, wanda a lokacin ake kira Cpf1, ya yi aiki a Synechocystis, Synechococcus da Anabaena. Filasmid ɗinsu, pSL2680, yana Addgene, ma'ajiyar da ake odar filasmid daga gare ta. Ni shi zan fara ɗauka. Ka dai tabbatar akwai jerin haruffan DNA na TTN (N na nufin kowane harafi) kusa da inda za ka yanka, domin shi Cas12a yake nema, ba NGG irin na Cas9 ba.

Idan ƙwayar gadon da kake hari ta zama dole ga rayuwa, kamar wasu na sarrafa hasken rana, yanka ba zai yi ba. Ɗauki CRISPRi: dCas9, wato Cas9 da aka dakushe, ba ya yanka, zama yake a kan DNA ya rage karanta ta, ana kuma iya kunna shi da sinadarin anhydrotetracycline lokacin da ake so.

Mai shirin harhaɗa sassan DNA da yawa ya duba CyanoGate, akwatin kayan harhaɗa su da ya fito a 2019. Don gyara ɗaya tak, ya yi maka yawa.